Doka ta hana sare ta, to me ke cinye dajin sobreiro?

Wani ɗalibi mai karatun kula da gandun daji ya aiko da tambaya. Ya ce ya karanta cewa bishiyar nan da ake yin matoshin kwalba da ɓawonta ba a sare ta, ɓawon kawai ake ɓarewa ya sake fitowa, kuma a Fotugal doka ta hana taɓa ta sai da izinin hukuma. To me ya sa ake ta kukan dajinta na ja da baya? Fari ne, ko da wani abu a ƙasa?

Ɗan'uwa, fari na ciki, kuma zan zo kansa. Amma a ganina abin da ya fi shi nauyi shi ne yadda mutane ke sarrafa ƙasar da ke ƙarƙashin bishiyar: wace dabba ake kiwo, guda nawa, wata nawa take yi a wurin, da me ake huɗa, wa ya zauna, wa ya yi ƙaura. Wannan daji ana iya kashe shi ba tare da an ɗaga gatari ba. Ya isa a hana shi haihuwa na tsawon shekara hamsin.

Bari mu fara da ita kanta bishiyar, tunda ba ta fitowa a ƙasarmu. Masana na kiranta Quercus suber, mutanen Fotugal su ce sobreiro, 'yan Sifaniya su ce alcornoque, Larabawan Maroko da Aljeriya kuma farnan. Zan riƙe sobreiro. A yammacin Bahar Rum kaɗai take yin daji, a fili mai faɗin hekta miliyan 2 da ɗoriya. Fotugal na da kusan kashi ɗaya cikin uku, sai Sifaniya, Maroko, Aljeriya, da ɗan abin da ke Tunisiya, Faransa da Italiya. Kusan rabin ɓawon da ake sayarwa a duniya daga Fotugal yake fitowa. 'Ya'yanta su ne balluɗ, wasu ƙwayoyi masu kama da zungureren goro. Daminar waɗannan ƙasashe da sanyi take zuwa, daga Oktoba zuwa Afrilu. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa sai rani mai ƙuna, zafi kan haura digiri 40 a kudancin Fotugal. Ka riƙe wannan, domin ranin farko shi ke kashe yawancin tsiron da ya fito.

Abu na biyu da za ka riƙe shi ne nawarta. Ba a ɓare ta karon farko sai ta kai wajen shekara 25, kaurinta ya kai santimita 70 in an zagaya ma'auni a daidai ƙirjin mutum. Wannan ɓawon farko mai kaushi ne, niƙa shi ake yi a yi allunan daɓe da na tare zafi. A jira shekara 9, na biyun ma bai gama kyau ba. Sai a na uku, bishiya na da shekara 43 ko fiye, ake samun wanda ake fafe matoshi daga cikinsa, kuma matoshin kwalaben giyar inabi shi ke kawo wajen kashi 70 cikin 100 na kuɗin sana'ar. Daga nan ana ɓara duk shekara 9 har ta kai kusan shekara 200. Akwai wata a ƙauyen Águas de Moura na Fotugal da aka dasa tun wajen 1783, wadda a ɓarar 1991 kaɗai ta ba da fiye da kilo 1,200. Manoman can na da karin magana: gonar inabi tawa ce, zaitun na iyayena, montado na kakannina. Ma'ana, abin da idonka ke gani yau sakamakon hukuncin da aka yanke ne shekara 50 ko 100 da suka wuce, kuskuren bana kuma sai jikoki za su gan shi a fili.

Montado shi ne sunan tsarin noma da kiwo a ƙarƙashin waɗannan bishiyoyi a Fotugal, a Sifaniya kuma dehesa. Kada ka ɗauke shi kamar kurmin da Allah ya tsirar ba hannun kowa. Ya fi kama da gonakin karkarar Kano ko Damagaram, inda gawo da ɗorawa da tsamiya ke tsaye jefi-jefi, ana noma a ƙarƙashi, dabbobi su shiga bayan girbi. A montado za ka samu bishiya 20 zuwa 80 a hekta guda. A da, akan shuka alkama ko wani hatsi sau ɗaya cikin shekaru da dama, sauran shekarun ƙasa ta kwanta saura, tumaki na kiwo. Daga Oktoba zuwa Fabrairu a saki aladu su ci balluɗ ɗin da ya zubo. Rassan da aka datse a yi gawayi da su. Kowane abu da lokacinsa, kuma aikin na cin hannu da yawa, a zamanin da ladan ƙwadago yake da arha ƙwarai, talakan yankin Alentejo da ke kudancin Fotugal na shan wuyar da bai kamata a manta da ita ba in ana yabon kyan tsarin.

Yawancin montadon da ke tsaye yau a ƙarni na 19 aka buɗe shi. Sana'ar matoshi, wadda ta soma a yankin Kataloniya na Sifaniya a ƙarni na 18, ta haɓaka, ɓawo ya yi daraja. An ƙwace filayen coci an sayar wa masu kuɗi, a Fotugal daga 1834, a Sifaniya daga 1836 sannan 1855. Dokokin 1889 da 1899 sun kare farashin alkamar Fotugal daga ta waje. Sai aka shiga sassabe dazuzzukan ƙirare, ana cire ƙananan itatuwa ana barin matasan sobreiro da aka tarar a ciki. Ga inda gizo ke saƙar: waɗannan matasan a cikin duhuwar ƙirare suka tsira, inda bakin dabba ba ya kaiwa. Gado aka ci daga dajin da aka share. Shi buɗaɗɗen filin da aka samar bai iya renon sababbi yadda duhuwar ta yi ba. Don haka a wurare da yawa bishiyoyin tsara ɗaya ne, tare suka girma, tare kuma suke tsufa.

Sai ƙarni na 20 ya zo da bugu bayan bugu. A 1929 gwamnatin mulkin kama-karya ta Fotugal ta ƙaddamar da gangamin noman alkama don ƙasa ta ci da kanta. Aka huɗe gangare da tsandauri da bai kamata garma ta taɓa ba, aka gajarta hutun gona, ruwa ya wanke ƙasar sama ya tafi da ita. A 1957 zazzaɓin aladu na Afirka ya shiga ta Lisbon, ya sake dawowa a 1960 ya bazu har Sifaniya, kiwon aladu a sake ya durƙushe, balluɗ ya rasa kasuwa. A shekarun 1960 ma'aikatan gona suka kwashe zuwa Lisbon da Faransa da Jamus. Wanda ya maye gurbinsu shi ne tarakta.

A kan tarakta zan ɗan tsaya, domin ɓarnarta ba ta ganuwa. Sobreiro na da saiwa iri biyu: masu nutsewa can ƙasa neman ruwa, da wata shimfiɗa ta ƙananan saiwoyi a 'yan santimitocin sama, wadda ke wuce inuwar bishiyar nesa. Ta nan take shan ruwan sama da abinci. Idan aka shiga da haro mai manyan fayafai don share ƙirare, sai a daddatse wannan shimfiɗa, a kuma nome duk wani tsiro da ya fito bana ko bara. Mai gona ya duba ya ga fili fes, bishiyoyi kore shar, ya ce aiki ya yi kyau. Bayan shekara biyar ko goma kan bishiya ya soma shan iska, ganye ya ragu, ba wanda zai tuna da haron.

Na taɓa tsayawa kallon ɓara a wata gona kusa da garin Coruche, cikin watan Yuni. Daga tsakiyar Mayu zuwa Agusta kaɗai ake yi, lokacin da bishiya ke cikin girma, ɓawo na saki da sauƙi. Mutum biyu ne a kan kowace bishiya, kowa da gatarinsa mai faɗin baki, ƙarshen ƙotar an feƙe shi kamar tsinke. Ɗaya ya tsaga ɓawon daga sama zuwa ƙasa, ya murɗa gatarin kaɗan, ya saurara. Ƙarar ce ke gaya masa ko ɓawon ya yarda ya saki. Sai ya cusa ƙota ya ɓamɓaro falle guda mai tsawon ƙofa. Jikin bishiyar ya fito launin ƙwaiduwa, da danshi, bayan 'yan makonni ya koma ja kamar jan bulo. Wata mata na biye da gwangwanin farin fenti tana rubuta lambar ƙarshe ta shekarar, don a san ranar dawowa. Aiki ne da ya burge ni. Amma da na bar su na taka cikin gonar, sai na ga abin da ya dame ni. Manyan bishiyoyi ko'ina, kashin shanu ko'ina, ciyawa an cinye ta har ƙasa, ban ci karo da bishiya ko ɗaya da ta gaza kaurin cinyata ba. Da na isa shingen waya na leƙa ɗan siririn filin da ke tsakaninsa da titi, sai ga matasan sobreiro a cunkushe, wasu sun kai gwiwa, wasu sun fi ni tsawo. Ƙasa ɗaya ce, ruwan sama ɗaya, iyaye ɗaya. Waya ce kawai ta raba su.

Yadda shanu suka yi yawa haka ba haɗari ba ne. Fotugal da Sifaniya sun shiga ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai a 1986. Garambawul ɗin da aka yi wa manufar noma a 1992 ya sa ana biyan tallafi bisa kan dabba. Da aka sake gyara a 2003, Fotugal ta ci gaba da ɗaura tallafi a kan shanu masu shayarwa. Mai gona ya yi lissafi: tumaki na bukatar makiyayi, makiyayi ya yi tsada kuma ba ya samuwa, shanu kuwa waya da kwamin ruwa sun ishe su. Sai shanu suka maye gurbin tumaki a wurare da yawa. Tunkiya na cin tsiro, amma da zarar ya fi ta tsawo ya tsira. Saniya kan karya matashiyar bishiyar da ta fi mutum tsawo da soshe-soshe kawai, ta kuma danne ƙasa da nauyinta har ruwa ya kasa shiga. Ban ga laifin manomi a nan ba. An sa kuɗi a wuri, ya bi.

Akwai kuma abin da aka rasa wanda Bahaushe zai gane nan take. A Sifaniya, tun zamanin ƙungiyar makiyaya ta Mesta, wadda ta rayu daga 1273 zuwa 1836, garken tumaki kan bar dehesa da bazara su hau tsaunukan arewa ta hanyoyin da suke kira cañada, wato burtali. Har yau tsawon waɗannan burtalai ya kai kusan kilomita 125,000, kuma dokar 1995 ta ba su kariya. Tafiyar garke na nufin a watannin da ciyawa ta bushe, lokacin da ɗan tsiron sobreiro ne kaɗai kore a fili, babu bakin da zai cinye shi. Yanzu dabbobi na zaune shekara cur, ana kawo musu abinci a mota. Hutun nan na 'yan watanni shi ne numfashin dajin, kuma ba a lura da amfaninsa ba sai da aka daina.

To sai ka ce a kwashe dabbobin, a bar daji ya huta. Nan ma gaba kura ce baya sayaki. A tsaunukan Serra do Caldeirão da ke kudancin Fotugal, mutane sun watse, noma ya tsaya. Abin da ya mamaye gangaren da alkama ta gajiyar shi ne wani ƙirare mai danƙo a ganye da suke kira esteva. Yana tsirowa a cunkushe, yana rige bishiya shan ruwa, kuma ba ya ba ɗan tsiro inuwa mai amfani. Wani tsuntsu mai ɗaukar balluɗ ya binne a ƙasa don ajiya, wanda shi ne babban mai shuka dajin, ba ya yawan kai ajiyarsa cikin irin wannan fili. Binciken da aka yi da hotunan sama na yankin daga 1958 zuwa 2002 ya nuna wuraren da esteva ya kama kan zauna a haka shekara da shekaru ba su koma daji ba. Ga shi kuma makamashi ne. A 2003 gobara ta cinye fiye da hekta 400,000 a Fotugal, Caldeirão ta ƙone a 2004 ta sake ƙonewa a 2012. Sobreiro mai cikakken ɓawo kan jure wuta ta sake toho daga rassa, don ɓawon sulkenta ne. Wadda aka ɓare bara ko bara waccan tsirara take, tana iya mutuwa. Ƙwayar esteva kuwa zafin wuta ne ke tada ta, sai ta dawo fiye da da.

A ɗaya gefen tekun labarin ya sha bamban, ko da yake ƙarshensa ɗaya. Dajin Mamora, tsakanin Rabat da Kenitra a Maroko, yana kan rairayi, kuma a farkon ƙarni na 20 sobreiro ta rufe wajen hekta 130,000 a cikinsa. Yau bai fi rabin haka ba. A Fotugal yawancin filin na masu zaman kansu ne, a Maroko na gwamnati ne tun dokar 1917, mazauna gefe na da haƙƙin kiwo. Hukuma da kanta ta maye babban sashe da bishiyar turare da wasu masu saurin girma don ciyar da masana'antar takarda. Abin da ya rage kuma dabbobi sun fi ƙarfinsa, ana sassaƙe rassa a ba su ganye a shekarun fari. Balluɗ ɗin Mamora mai zaƙi ne, mutane na ci, ana kakkaɓe shi a sayar a bakin titi, sai iri ya ƙare kafin ya taɓa ƙasa. Wanda ke yin haka abincin gidansa yake nema, kuma duk wani shirin gyara da bai sa shi cikin lissafi ba, ba zai je ko'ina ba.

A kudancin Fotugal akwai sabon matsi. Tun da aka rufe ƙofofin madatsar ruwa ta Alqueva a 2002, noman ban-ruwa na zaitun da almon a jere kamar shinge ya bazu. Doka ba ta bari a tumɓuke cikakken montado don wannan, amma kuɗin da ke ciki ya sa duk filin da bishiyoyinsa suka yi ƙaranci ya zama abin kwaɗayi.

Yanzu ga farin da ka tambaya. Gaskiya ne shekarun 2005, 2012, 2017 da 2022 sun yi tsanani, kuma rani na ƙara tsawo. Akwai kuma wata cuta mai ruɓar da saiwa, Phytophthora cinnamomi, wadda a farkon shekarun 1990 aka gano tana da hannu a mace-macen da 'yan Sifaniya ke kira la seca, wato bushewa. Tana tafiya cikin ruwa da laka, a kofaton dabba da tayar tarakta. Sai dai ka lura da wace bishiya ce ke fara faɗuwa. Ita ce wadda haro ya datse wa saiwa, shanu suka danne mata ƙasa, ko esteva ke rige ta ruwa, ko aka wuce ƙa'ida wajen ɓararta. Ƙwari masu huda itace su zo su ƙarasa. Fari na kashe tsofaffi da sauri fiye da da, amma rashin masu maye gurbinsu tun kafin farin aka shuka shi.

Tunda kai ɗalibi ne, ga gargaɗi kan alƙaluma. Ƙidayar gandun dajin Fotugal ta 2015 ta nuna sobreiro na da wajen hekta 720,000, adadin da bai yi nisa da na shekara ashirin kafin nan ba. Mai duba jimla zai ce lafiya lau. Abu biyu ne suka ɓuya a ciki. Daga 1992 Tarayyar Turai ta biya an dasa dubban hektoci a tsofaffin gonakin hatsi, waɗannan sun shiga lissafi ko da da yawa daga dashen bai kama ba, kuma wanda ya kama bai soma ba da ɓawo mai kyau ba. Sannan gonar da ta sauko daga bishiya 60 zuwa 25 a hekta, a taswira har yanzu montado ce. Wani binciken masanan Jami'ar Évora ya ƙiyasta an rasa kusan hekta 90,000 na montado tsakanin 1990 da 2006, in an haɗa na sobreiro da na 'yar'uwarta azinheira. Dokar 2001 da ka karanta tana da ƙarfi: ba a sara sai da izini, wurin da ya ƙone ba a sauya amfaninsa sai bayan shekara 25, a 2011 ma majalisa ta ayyana sobreiro bishiyar ƙasa. Amma tsayayyar bishiya take karewa. Ba ta hukunta wanda saniyarsa ta cinye tsiro mai ganye huɗu.

Abin da ke aiki an san shi, kuma ba sabon ilimi ba ne. A rage dabbobi daidai da ƙarfin ƙasa. A raba gona gida-gida, a killace sashe guda daga shanu na shekara 10 zuwa 20 har matasa su fi ƙarfinsu, sannan a matsa gaba. Inda ba za a iya ba, a sa wa kowane tsiro kejin waya. A bar haro, a yanke ƙirare daga sama ba tare da taɓa ƙasa ba, kuma kada a share duka, a bar tsibirai inda tsuntsu zai binne iri, inuwa ta raini tsiro ya haye ranin farko. Tsiron da ya fito da kansa a ƙarƙashin uwa mai kyau yakan fi dashen gandu jurewa, don saiwarsa ba ta taɓa lanƙwashewa cikin leda ba. Wannan shi ne ainihin abin da manoman Maraɗi da Damagaram suka yi daga tsakiyar shekarun 1980 da sassaben zamani, inda suka daina tumɓuke tohon gawo da kalgo suka koma renonsa, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo da hekta miliyan 5. Bambancin shi ne manomin Nijar na samun itace da harawa daga tohonsa cikin shekara uku ko huɗu. Mai gona a Alentejo da ya killace fili a 2025 zai rasa kiwon wurin tun daga shekarar, ya ga ɓawon farko wajen 2050, ɓawon kuɗi kuma sai wajen 2068. Shi ya sa nake ganin tallafin da ake biya a kan saniya ya kamata a karkatar da wani kaso nasa zuwa kan matashiyar bishiyar da ta rayu, a zo a ƙirga ta a gona kamar yadda ake ƙirga shanu.

In Allah ya kai ka irin wannan daji, ko ma gonakin ɗorawa da kaɗanya na nan gida, ka auna kaurin kowace bishiya a hekta guda, ka jera su daga ƙarama zuwa babba a takarda. Ka tambayi mai gona wace shekara ya sayo shanu, wace shekara tarakta ta fara shiga, yaushe makiyayi na ƙarshe ya tafi. Sannan ka koma ga takardarka ka nemi inda jerin ya yanke.